Mundayenki Da Na Narkar

Zuwa ga Hajara, 'Yar Damagaram,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sa makwancinki da sanyi. Ni ne Ɗanjuma, maƙerin fari na Ɗanzomo, mijinki. Shekara huɗu ke nan da tafiyarki. Kin san ban taɓa zama a aji ba. Malam Habu mai rubuta wasiƙa a kasuwa ne ke riƙe da alƙalami, na kuwa gargaɗe shi kada ya gyara mini magana. In ya gama a kai zauren yayanki Alhaji Mati a karanta, tunda can ake cin namana.

Na narkar da mundayenki na azurfa. Gara ki ji daga bakina.

Na san abin da kika ce ranar da kika damƙa mini su: na mahaifiyarki ne, na Binta ne bayanki, kada su ga wuta. Shekarun farin nan da shanu suka zube a hanyar Maigatari, har da dusa muka ci, ban taɓa su ba. Mati ya san haka, amma yau shi ke cewa tsufa ya taɓa ni.

Bari in faɗa miki yadda aka yi. Autarki Binta ta kwanta tun kaka. Ciki ya kumbura, jiki ya bushe. Daga Gumel aka tura mu Kano, suka ce daji ne a mararta. Suka yi mata aiki, suka sallamo mu da ƙwayoyin rage zafi, babu mai son haɗa ido da ni.

Sai ga Sani ɗan Mati, wanda ke karatun haɗa magunguna a Zariya, ya zo hutu. Ya zauna a maƙerata da wandonsa mai ƙafa kamar buhu, yana dariya, wai, "Baba, ku maƙera kun kusa zama likitoci." Wai Turawa sun fito da maganin daji daga wani farin ƙarfe mai tsada, wai har irin na mara yana karyawa. Sau biyu na tambaye shi, farin ƙarfe? Ya ce farin ƙarfe. Ya kaɗe wandonsa ya tafi.

To, Hajara, ke ki yi mini hukunci. Shekara hamsin ina ƙira. Wace mace ce ta taɓa zuwa neman 'yan kunne hannu wofi? Mai son ƙira shi ke kawo ƙarfensa, maƙeri ya sa hannu. Haka na tarar da ubana yana yi, haka ake yi daga nan har Damagaram. Sai na ce a raina, ashe abin da ya hana likitocin nan ke nan, ƙarfen ne ba su da shi, kunya ta hana su tambayar talaka.

Da hantsi na hura wuta. Ban yarda in kai su da dauɗar shekaru ba, kada a ce azurfarki da gami. Na narkar, na tace, na zuba ta sanda guda, fara tas. Zanen nan na gefe da kike bi da yatsa in kina tunani, ina kallo ya lume. Ban yi kuka ba, murna ma nake yi.

Na ƙulle ta a ƙyalle na koma Kano. Kwana uku ina zaune a ƙofar asibitin. Da na isa tagar da ake ba da magani na kwance ƙullin, wani mai farar riga ya leƙo, ya kira 'yan uwansa: "Ku zo ku ga tsoho ya kawo wa likita ƙira!" Ɗaya ya ce ina na baro zuga-zugin. Yaran da ban haifi iyayensu ba don dai Allah bai yi ba! Furfurata a gabansu, 'yata a kwance, su abin dariya suka samu.

Mutum ɗaya ne ya yi mini mutunci, wani likita mai sanƙo, Hausarsa a karye. Ya ba ni kujera. Ya ce ba azurfa ba ce, wani ƙarfe ne daban, filatinam, wanda ban taɓa sa wa wuta ba. Kuma ba niƙa shi ake yi ba, haɗa shi ake da wasu abubuwa sai ya zama ruwa, a ɗura ta jijiya. Ya ce yana sa amai mai tsanani, yana iya taɓa ƙoda, ba kowa yake tayarwa ba. Ya ce shekaru aka yi ana gwada shi a kan ɓeraye kafin a yarda a ba mutum. Ya ce shi kansa a takarda ya gani, bai taɓa riƙe kwalbarsa ba.

Ɓeraye, Hajara! Ɓeraye sun samu, 'yarki ba ta samu ba. Duk hanyar dawowa a bayan lori wannan maganar ce ke cina. Ban ce kada su gwada ba, ni ma ba na zuba wa mace azurfa sai na gwada ta a dutse. Amma in an gama gwajin, da wa ake nufi? Batirin rediyo ya san hanyar Maigatari, turare da atamfa sun sani, magani ne kaɗai ya ɓata?

Shi kuwa Sani, wa ya aike shi? Ana faɗa wa uban mara lafiya rabin magana a tafi? Ya san abin bai ƙetaro ruwa ba, ya bar ni da shi kamar garwashi a aljihu. Yanzu wai yana jin kunyar abin da na yi. Ya ji! Ni ban ji ba. In gobe aka ce da ƙarfen uwar maƙerata ake yi, kinkimarta zan yi in kai. Mati ya ji da kyau: ba zan ba shi haƙuri ba, ba nasa na ƙona ba.

Ke kaɗai nake roƙo.

Shekaranjiya Binta ta ce in ɗauko mata mundayen uwarta, tana son ta ji nauyinsu. Na tsaya a bakin ƙofa kamar ɓarawo, na faɗa mata komai. Sai ta yi dariyar nan irin taki, har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "To Baba, an rasa maƙeri ne a gidan nan?"

Zanen yana kaina, ko ɗigo ban manta ba. Zan sake ƙera su. Jiya na ɗauki zare na auna wuyan hannunta. Na sake aunawa, na zaci kuskure na yi. Hajara, azurfar ta yi yawa. Rabinta ma ya isa.

Ya Allah ka jiƙan baiwarka Hajara, ka sa ta yafe mini alkawarin da na karya. Ka sassauta wa Binta, ka ba ta kwanakin da zan gama, ta sa su da hannunta. Ka kawo maganin nan ƙasarmu, ko ba don mu ba, don wani uban da zai zo bayana. Amin.

Ragowar zan ajiye, ko Allah zai sa hannun Binta ya ciko.

Naki har mu haɗu,
Ɗanjuma Maƙeri