Kwaɗon da Na Fasa Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayana Iliya, mai bishara, a can kudu inda ka tafi ƙarin karatu.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina karatu, ina baƙunta? Inna tana gaishe ka. Matan zumunta na majami'a ma suna gaisuwa, kuma a gabansu za a karanta wannan wasiƙa kafin ta hau motar Damagaram, tunda a gabansu ka hore ni.

“Saratu, kafin a yanke gero zan dawo, ni da hannuna zan miƙa miki gurasa.” Haka ka ce a tashar Tanut, ƙafarka ɗaya cikin mota. An yanke gero, Yaya. An sake yankewa. An zo shekarar da babu abin yankewa ma, ba ka dawo ba.

Bari in tuna maka, ko karatu ya danne. Rijiyar da Baba ya haƙa a bakin kwarin Tarka, kai ka yi mata murfin ƙarfe da kwaɗo bayan rasuwarsa, ka ce daga yammacin Asabar zuwa wayewar Litinin ba mai jan ruwa, ranar Ubangiji ce. Mu na gida muna cika tuluna tun da wuri, ba abin da ya dame mu. A shekarar da aka yi fari kafin tafiyarka, wata Lahadi da hantsi, muna cikin waƙa a majami'a, Jauro Bafulatani ya iso da ragowar shanunsa, ƙashin haƙarƙarinsu a waje. Ya tsaya daga nesa don girmama addu'armu. Da na leƙa, abin da ya ce kawai shi ne, “'Yar Malam, shanun nan ba su san Lahadi ba.” Mabuɗi yana aljihunka, kai kana wa'azi a wani ƙauye wajen Belbeji. Na ɗauko taɓarya na fasa kwaɗon. Na ja wasaki tare da matansa har tafin hannuna ya sale.

Ka dawo ka tara dattawa, ka ce na karya doka a idon jama'a, ka hana ni jibin Ubangiji, gurasa mai tsarki da ake raba wa masu bi, sai ka ga tubana. Ba a jima ba aka kira ka karatu, ka tafi da horon a bakinka. Dattijo Ayuba, mai raba jibin a bayanka, yana tsoron kwance abin da ka ɗaure. To ka san wa ke gasa gurasar jibin har yau? Ni. In kwaɓa, in gasa, in rufe da farin ƙyalle in kai, sannan in koma bencin baya ina kallon ƙamshin hannuna yana wuce ni.

Ni ma na yi lakwal, makarantar boko, Yaya, kuma duk abin da ka karanta na karanta, wani wurin ma na riga ka. Kai ka koya mana cewa ceto kyauta ne, ta bangaskiya ake karɓarsa, aiki ba ya sayensa. Na yarda, har gobe na yarda. Ban shayar da shanun Jauro don in sayi sama ba, me saniya za ta saya mini? Amma in aiki ba ya ceto, yaya aka yi ƙin aiki ya zama mai ceto a wurinka? Ka sauke mana kayan shari'a a wa'azi, ka fita waje ka rataya shi a bakin rijiya. Bangaskiyar da za ta zauna cikin inuwa tana waƙa dabba na faɗuwa a ƙofarta, ban san inda ka samo ta ba. Ba a gidanmu ba dai. Baba yakan ce, “Wanda ya ba mu ruwan bai tambaye mu wace rana ce ba.”

Kada ka ɗauka faɗa kaɗai ke cikina. Kai ne ka goya ni ranar da ƙarangiya ta cika mini ƙafa a hanyar gona, ka zauna kana cire min ɗaya-ɗaya kana yi min waƙar da ka koya a majami'a, muryarka kamar ta jaki, ina kuka ina dariya. Kai ne ka riƙe hannuna a kan yashi har na rubuta sunana. Wannan Yayan nake nema. In mota ta tsaya a bakin hanya, har yanzu sai na saki abin da ke hannuna.

Inna ta daina gani sosai. Duk ranar jibi takan karɓi nata ta riƙe, ta juya tana laluben inda nake. Watan da ya wuce ta ƙi ci, ta ce ba za ta ci ba 'yarta na zaune da yunwa. Ka ga horon naka ya kama mutum biyu ke nan, ɗayar kuwa ba ta da sauran lokacin jira.

Tuban da kake jira ba zai zo ba. Kwaɗon kuma ban mayar ba.

Saboda haka ga iyakata: Ista mai zuwa, idin tashin Almasihu. Ka zo ka cika maganarka, zan dafa maka tuwo da miyar kuka yadda kake so, ba zan ƙara tayar da zancen ba. In ba ka zo ba, zan gasa gurasar kamar kullum, in kama hannun Inna, mu je gaba mu durƙusa tare, in miƙa tafina a gaban kowa. Dattijo Ayuba sai ya duba wannan hannun ya zaɓa. Ba zan tashi ba sai an sa mini gurasar ko an ɗauke ni.

Ubangiji ya tsare ka a ƙasar mutane, ya sa karatunka ya sauko daga kai zuwa zuciya, ya riƙe mana Inna har ta ji muryarka a zaure. Amin.

Taka har abada, ko ka so ko ka ƙi,
ƙanwarka Saratu, Tarka.