Bututun Iska da Tafiyata Ibadan

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Ina gajiya, ya maigida, ya yara? Mu a Tsafe lafiya lau.

Yaya, zuwana Ibadan ya sake fasuwa. Maigidana ya ɗaura wa babbar motarsa wani bututu a Gusau, wai injin zai shaƙi iska sosai ya rage shan dizal. Ya rantse ranar da mai ya yi saura, da ni zai tafi. Har na hango kaina a gaban mota kamar matan littattafai.

Kullum ya dawo sai ya tsoma sanda a tanki. Jiya na ce, "Malam, yaya?" Ya ce, "Ƙugi ne kawai ya ƙaru." Ya ƙi cire bututun, kada direbobi su yi masa dariya.

Ki sa ni a addu'a. Ki shafa mini kan jaririnki, da alama sai ya fara tafiya zan gan shi.

Ƙanwarki,
Rukayya