Tauraro Uku na Asma'u da Fom ɗin da Ya Tsaya a A

Zuwa ga Daraktan Ofishin Ɗaukar Ɗalibai na jami'ar da 'yata ta nema a nan Kuala Lumpur.

Assalamu alaikum. Ina gaida mai girma Darakta da ma'aikatansa, da fatan ana aiki lafiya.

Ban kama sunan jami'arku ba, domin gyara nake nema. Sau uku na rubuto muku da Turanci, sau uku na'ura ta amsa mini cewa an karɓi saƙona. Wannan karon na rubuta da Hausa saboda iyaye Hausawa da ke nan unguwar Sri Petaling su karanta kafin 'ya'yansu su cika fom ɗinku. Kwafin Turanci yana kan teburinka.

'Yata Asma'u ta zo ƙasar nan tana da shekara shida. A nan ta yi firamare da sakandare. A bana hukumar jarrabawar da ta zana ta ƙara sabon mataki a saman A, wanda ake kira A mai tauraro. Asma'u ta samu wannan matakin a darussa uku: kimiyyar sinadarai, ilimin halittu da lissafi. Ta nemi karatun haɗa magunguna a wurinku, kuka ƙi ta. Ƙawarta da suka zauna aji ɗaya, mai A uku ba tauraro, kun ba ta gurbi. Ina taya yarinyar murna, ta cancanta.

Ƙorafina uku ne. Na farko, fom ɗinku na intanet. Jerin sakamakon da ɗalibi zai zaɓa ya fara daga A ya gangara ƙasa, daga ƙarshe akwai gurbin "wani daban". A saman shafin kuma kun rubuta da jan rubutu cewa duk wanda ya shigar da abin da ya saɓa wa takardar shaidarsa za a soke nemansa. Asma'u ta kira ni ta nuna mini. Na yi shekara goma sha ɗaya ina tace labarai a gidan jarida a Kaduna, inda aka koya mana ba a rubuta adadin da bai dace da takarda ba. Ni na ce mata kada ta zaɓi A, ta zaɓi "wani daban", ta rubuta sakamakonta yadda yake, ta liƙa hoton takardar. Kuskurena ke nan, kuma na ɗauke shi. Na gaskata jan rubutunku.

Na biyu. Da na je ofishinku, wata jami'a mai ladabi ta duba kwamfutarta ta bayyana mini cewa duk abin da aka saka a "wani daban" manhajarku tana lissafa shi a matsayin mafi ƙarancin cin jarrabawa. Wato yarinyar da ta fi A an jera ta a bayan mai D. Na tambaye ta ko wani mutum ya buɗe hoton takardar. Ta ce sai sunan da ya haye tantancewar farko ta manhajar ake buɗe takardunsa. Na roƙi ta buɗe yanzu, ga ni ga takardar ta asali a hannuna. Ta ce, "Tak boleh, an rufe jerin sunayen." Ba zai yiwu ba ke nan. Ta ƙara da cewa kwamitin jami'a bai zauna a kan sabon matakin ba tukuna. Ranka ya daɗe, an sanar da wannan mataki tun yaran nan suna shekarar farko ta karatun jarrabawar. Ɗalibai sun sani, malamansu sun sani, ofishin da aikinsa karanta sakamako ne kaɗai bai shirya ba.

Na uku shi ne ya fi ci mini rai. Ejan-ejan ɗinmu 'yan Najeriya masu cika wa ɗalibai fom sun san wannan ramin tun tuni. Ɗaya daga cikinsu ya same ni a shagon mamak, irin na Indiyawa Musulmi, inda muke shan shayi, ya yi mini dariya cikin tausayi, ya ce Alhaji, ai kowa A yake dannawa ya wuce, ba wanda ke duba tauraro. Duk yaran da ya cika wa sun shiga. Ni da na ƙi zuwa wurinsa saboda ina ganin na iya karanta ƙa'ida, 'yata tana gida.

Ga abin da wannan ke nufi a gidanmu. Izinin zaman Asma'u a jingine yake da nawa, kuma shekarunta sun kai inda za a cire ta. Idan ba ta samu takardar gurbi ta nemi bizar ɗalibi ba cikin mako bakwai, za ta bar ƙasar da ta girma a ciki, ta tafi ita kaɗai, ni da mahaifiyarta muna nan.

Roƙona kaɗan ne. A sa mutum mai ido ya buɗe takardar Asma'u, da ta duk wanda ya zaɓi "wani daban" a bana. A saka sabon matakin a jerin sakamakon fom ɗin kafin zagaye na biyu na ɗaukar ɗalibai. Idan kuma jami'a ta yanke cewa tauraro da A duk ɗaya ne a wurinta, haƙƙinta ne, amma ta rubuta hakan a shafin, ta goge jan rubutun.

Shekaranjiya Asma'u ta ce in ba ta lambar ejan ɗin, ta sake nema a zagaye na biyu ta danna A kamar kowa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma kalle ni ba. Na ce ta ba ni mako biyu. Yau saura kwana goma sha biyu, kuma idan suka cika ba ku amsa ba, da hannuna zan ba ta lambar.

Allah ya taya ka riƙon wannan ofishi, ya raba 'ya'yanka da ranar da za su yi nadamar faɗin gaskiya.

Wassalam.

Mahaifin Asma'u,
Sri Petaling, Kuala Lumpur.