Ɗankwalin Zenzi a Gidan Opera

Pöllau, 3 ga Oktoba, 1958

Zuwa ga 'yata Gundi,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ki yi haƙuri da layin rubutuna da ke gangarewa, kin san sai da na yi furfura na koyi rubutu.

Na ga tikitin da kika aiko na gidan opera, babban gidan wasan waƙar nan. Shekara shida kina cikin 'yan amshi, yau an ba ki baiti ɗaya ki rera ke kaɗai. Na gode wa Allah. Amma ba zan zo ba. Kujerar tana tsakiyar manyan mutane, ni kuwa rigata ɗaya ce ta coci, hannuna duk ya yi kanta. Ba na so a ce uwar mawaƙiya tana warin shanu. Ki riƙa rufe wuyanki, kada ki sha ruwan sanyi.

Mamanki, Zenzi

Vienna, 8 ga Oktoba

Mama,

Ina gaishe ki, amma kin ɓata mini rai. Da kuɗin nonon shanun nan na koyi waƙar. Na bar miki kujerar, ba zan ba kowa ba.

Taki, Gundi

Pöllau, 21 ga Oktoba

'Yata Gundi,

Bayan gaisuwa, ki zauna kafin ki karanta. Na zo. Na kasa haƙuri, na hau jirgin ƙasa ranar Asabar, na bi layin masu sayen tikitin kallo a tsaye, inda na ga mutane masu tsofaffin takalma irin nawa.

Matakalar gidan nan ta farin dutse, Gundi, sai da na goge ƙafata sau uku. Da na shiga wajen tsayuwa a can baya, babu kowa, sai ƙyallayen wuya da hankici ɗaure a jikin ƙarfen dafawa, sun fi talatin. Na ce Allah sarki, mutanen birni da mantuwa. Na kwance su duka, na ninke, na kai wa mai gadin ƙofa.

Ashe da su ake kama wuri. Masu su sun fita shan kofi ne. Da suka dawo aka yi ca. Wata mai gilashi ta ce, "Wace 'yar ƙauye ce ta yi mana wannan aiki? Tun safe nake layi!"

Na ce, "Ni ce, baiwar Allah. Na ɗauka kun manta."

Ina ta addu'a kada kowa ya ji sunanki. Sai wani tsoho, Malam Wessely, tsohon direban ƙaramin jirgin ƙasan da ke bin titi, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Shekara arba'in ina tsayuwa a nan, ba a taɓa ninke mini ƙyalle da kyau haka ba. Inna, wa kika zo ji?"

Bakina ya suɓuce, na ce 'yata.

Mai gilashin ta ce, "Wacce?" Na faɗa. Ta ce, "Doguwar nan ta gefen hagu? Ai mun daɗe muna jin muryarta ta fi ta sauran. Ku matsa wa uwar!"

Malam Wessely ya ce in ba shi ɗankwalina. Tun rasuwar babanki ban buɗe kaina a cikin mutane ba, amma na kwance. Ya ɗaure shi a layin gaba, a tsakiya.

Da masu goge suka yi ƙasa da sauti kika fito, ban gane kalma ko ɗaya ba. Na riƙe ƙarfen kawai. Mai gilashin ce ta miƙo mini hankicinta, wanda na ninke.

Ban neme ki ba, kunya ta sa na gudu tasha, har na manta ɗankwalin. Idan labarin ya iso gare ki, ki yafe mini. Ki yi wa mutanen nan godiya, ni ban iya yadda ake yi ba.

Mamanki mai laifi, Zenzi

Vienna, 24 ga Oktoba

Mama,

Gaisuwa da sumba. Labarin ya iso gare ni tun a daren. Mutum goma sha ɗaya suka jira ni a ƙofar baya, kowa yana cewa shi ya fara matsa miki.

Malam Wessely ya hana ni ɗankwalin. Ya ce zai ɗaure shi ranar Lahadi, a inda yake, don ya kama miki wuri, kuma ba a kwance ƙyallen wani.

Jirgin safe yana tashi ƙarfe bakwai. Ki zo da wani na rufe kai.

Taki, Gundi