Ba da son ransa Kaka ya tafi ba

Wadata, Yamai, daren Talata

Yau direktan lakwal ɗinmu, makarantar da nake koyarwa, ya kira ni biro, wato ofishinsa, saboda darasin jiya. Littafi ya ce mutanenmu da kansu suka tafi taimakon Faransa a Yaƙin Duniya na Farko. Ni kuwa na gaya wa 'yan ajina gaskiya. Kakana Alu, da igiya a ƙugu aka fitar da shi daga ƙauyenmu na ƙasar Tawa, ana fama da yunwa, aka kuma kwashe ɗan geron da ya rage. Ya dawo babu yatsu uku, sanyi ya cinye su a ramin yaƙi. Har ya rasu bai san abin da ya haɗa Faransa da Jamus faɗa ba.

Direkta ya rufe ƙofa, ya ce, "Madam Hadiza, soja ke mulki, ga fari. Wannan zancen yunwa da kwasar hatsi, wani zai ce da su kike. Gobe ki ce kuskure kika yi, in ba haka ba a tura ki daji."

Na kira shi Mushe, yadda muke kiran malamai maza, na ce, "Ni nake zuba wa Kaka ruwa a hannun nan in zai yi alwala. Wane kuskure na yi?"

Na fito na dawo gida. Inna ta ce in kama bakina in ci tuwona. Amma ko kalma ɗaya ba zan janye ba. In daji ne, can ma akwai yara, kuma su ma suna da kakanni.