Wuyan Jita da Bappa Hammadu

Daren Laraba, Limawa

Zafin Jimeta ya tsaga wuyan jitata, abu ɗaya da na taho da shi daga gida. Na sassauta wayoyin, na ɗura gam a tsagar, amma riƙewa da ɗauri sun fi ƙarfin hannu biyu. Sai ga Bappa Hammadu, maƙwabcin da ke buga mini bango duk ran da na kaɗa. Ya zauna ya danne wuyan, ina naɗa robar tayar keke.

Na ce, "Bappa, ai da ka huta da ni."

Ya ce, "Ɗaure kawai, Malam. Gidan ya yi shiru kamar an yi rasuwa."

Garin nan bai cika yi mini kirki ba, amma yau na gode Allah. Jibi zan kwance robar. In jitar ta yi magana, shi zan fara kaɗa wa.