Dutsen Guga a Cikin Jaka

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya yara? Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun mijinki. Likitar da nake gani kan waswasin nan ce ta hana ni kiranki, wai in rubuta, tunda takarda ba ta kawo amsa nan take.

Kin san halin da nake ciki. In rufe shagon ɗinki, in kai bakin titi, zuciya ta ce ban zare wayar dutsen guga ba, wuta za ta ci kayan mutane har da ɗakinku da ke sama. In dawo in shafa soket, in tafi, in sake dawowa. Ranar Talata sau tara. Sannan in kira ki ki sauko ki duba. Na gaji, Yaya. 'Yata ma ta gaji da jirana a ƙofar makaranta. Shugabar makarantar ta ce in na ƙara makara, babanta za su riƙa kira, kin kuwa san tun rabuwarmu dalili yake nema ya karɓe ta.

Likita ta ce dubawar nan susar ƙaiƙayi ce, daɗin minti ɗaya, gyambon shekara. In duba sau ɗaya in tafi, in ba tsoron lamba daga ɗaya zuwa goma, in zauna da shi har ya sauka da kansa. Ke kuma ko da kuka na roƙe ki, kada ki duba.

Ƙanwarki, Auta

Auta,

Wa alaikumus salam, muna lafiya. Ita likitar nan ta taɓa ganinki kina rawar jiki a bakin titi? Ni na goya ki, yanzu a ce in toshe kunne? Ga dabara mai sauƙi: in kin tashi, jefa dutsen a jaka ki tafi da shi gida. Abin da ke hammatarki ba ya ƙona shago. Gaishe mini da 'yata.

Yayarki

Yaya,

Bayan gaisuwa, ki yafe shirun mako uku. Dabararki ta yi kwana huɗu tana aiki, har na ce Yaya ta fi likita. Ran na biyar zuciya ta ce to fanka fa? Washegari keken ɗinki. Har a bas ina zuge jaka ina shafa dutsen, kafaɗata kamar ta cire. Shagon zan ɗora a ka? Na sake makara, aka kira babanta. Kallona kawai ya yi, da jakar.

Likita ba ta yi faɗa ba. Ta ce dutsen ya koma mazauninsa. Ran Litinin na bar shi. Tsoro tara, a bas na danne hannuwana da cinya har muka isa. A ƙofar makaranta ya sauka zuwa shida.

Sai jiya mijinki ya ce kullum in na tafi kina saukowa ki duba. Da na ji, hankalina ya kwanta lum, kuma wannan kwanciyar ita ce cutar. Don Allah aiko mini da makullin shagon da ke hannunki.

Auta

Auta,

Ina gaisuwa. Wannan mutum, magana ba ta kwana a cikinsa! Ga makullin nan. Amma ki sani, ni ke zaune a saman shagon nan da yara uku. Ɗazu na tsaya a ƙofarki hannu wofi, kamar wadda aka aika ta manta saƙo. Tambayar mini likitarki, wannan tsoron da nake ji, lamba nawa ake ba shi?

Yayarki

Yaya,

Sannu da haƙuri. Ta ce ki zauna da shi, yana sauka.

Yau ni ce ta uku a ƙofar makaranta, har yarinyar ta tambaye ni ko lafiya. Dutsen yana shago. Ko na zare wayar, wallahi ban sani ba.

Taki, Auta